Gawo a Kan Tudun Anza

Dakoro, 12 ga Janairu

Zuwa ga amaryata Haula, a Meksiko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar hagu ce kaɗai ke yi mini gardama da safe saboda sanyi, amma da rana ta ɗaga sai mu shirya. Babanki ya zo daga Maradi ya kwana, lafiyarsa ƙalau. Matar yayanki Salihu ta yi nauyi, muna sa ran sauka bayan azumi in Allah ya yarda.

Na gode da kika rubuta da hannu kika ɗauki hoton takardar, kamar yadda na roƙa, maimakon ki aiko murya. Murya kowa yana da ita. Ni da na fara riƙe alƙalamin bik da furfura a gemu, a makarantar dare ta yaƙi da jahilci, muna zaune bisa bencin ƴan lakwal, yaran firamare, gwiwa na taɓa haɓa, yau ga ni ina musayar takarda da jikata a bayan teku. Na kai ta majalisarmu ta gindin bedi na karanta musu. Taubashina Jibril, kin san bakinsa, ya ce wai Meksikon nan kafin Agadas take ko bayanta? Na ce masa in ya hau jakinsa yau, jikokin jakin ne za su isa.

Yaya Hafiza, Goggonku, ta aiko daga Rijiyar Abarci da gaisuwa da ƙullin daddawa wai a kai miki. Na ce wa ɗan aiken daddawa ba ta shiga waya. Ta tsufa, amma har yanzu ita ke ɗaure awakinta. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma ita ce babba. In ta yi tari a ƙauye, ni nan sai in gyara zama. Ta ce ranar suna za ta zo ko bisa amalanke ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki bik. Mutane suna tambayata abin da kike karantawa, ni kuwa sai in ce karatun manya. Babanki ya ce tsofaffin takardu ne. To, na wa? Mi ke cikinsu? Ki yi mini bayani yadda tsoho zai gane, don in daina sunkuyar da kai in an tambaye ni.

Ki riƙe salla, kada ki ci abin da ba ki san yankansa ba. In wani Bameksike ya ce yana so, ki ce masa da mijinki a Dakoro.

Naki, Tanimu Abarci.


Birnin Meksiko, 25 ga Janairu

Zuwa ga tsohon angona, Kaka Tanimu.

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sai kewar gida da kewar fura. Ka shafa wa gwiwar man kaɗe, ka daina fita majalisa kafin rana ta yi ɗumi. Bameksiken bai zo ba tukuna, amma in ya zo da haƙoransa cikakku, kai ma ka san ka faɗi.

Ga karatuna. Tun kafin Turawan Sipaniya su ci ƙasar nan akwai wata al'umma da ake kira Nawa, harshensu Nawatil, har yau kuma akwai masu yin sa da yawa. Marubutansu ba da baƙaƙe suke rubutu ba, da zane suke yi. In za su rubuta sunan gari, sai su zana abin da sunan ke nufi. Garuruwansu kuwa da yawa sunan tsiro gare su. Akwai wanda ma'anar sunansa Tudun Barkono: tudu aka zana, da jan barkono a kansa. Akwai Gonar Furanni. Birnin nan da nake ciki ma, duk girmansa, alamarsa wani tsiro ne mai ƙaya, ya fito daga dutse. In ana nufin hanya, sai a jera sawun ƙafa.

Da Turawa suka zo suna son sanin garuruwa saboda haraji da shari'ar gonaki, sai masu zanen suka ci gaba da aikinsu, magatakarda kuma ya rubuta sunan da boko a ƙasa, wani lokaci daidai, wani lokaci yadda kunnensa ya ba shi. Waɗannan takardun nake karantawa. Ina duban ganye da saiwa da ƴaƴa in gane wane tsiro ne, wani zubin har mu je garin mu tambayi tsofaffi ko yana nan har yanzu. Abin da ya fi burge ni, Kaka, rubutu ne da ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba zai karanta, in dai ya san daji.

Malamarmu Marselina, wadda ita ma ƴar Nawa ce, ta ce kowane ɗalibi baƙo ya zana asalinsa ta wannan hanya, za a rataya su a zauren jami'a ƙarshen watan Yuni. Ni kuwa Rijiyar Abarci ina ƙarama na je, ba na tuna komai sai yashi. Rijiya zan iya zanawa, amma tsiro ake so. Na taɓa jin wata mai tallar nono a gidanka ta kira garin da wani suna daban, na manta shi. Na tambayi Baba, ya ce in tambaye ka. Akwai itacen da ake kiran garinmu da shi?

Ka cinye daddawar a madadina.

Jikarka, Haula.


Dakoro, 3 ga Fabrairu

Amaryata,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi, kowa lafiya. Haƙora kuwa saura goma sha wani abu, kuma duk suna aiki.

Na gane karatunki sarai, har na yi wa majalisa bayani suka yi shiru. Ashe mutanen can ma sun san abin da muka sani, gari ba ya tsira sai a gindin itace.

Batun suna, na ɗan jinkirta kafin in amsa. Sunan da ke takardun hukuma shi ne Rijiyar Abarci, don babanmu ne ya haƙa rijiyar. Amma tudun da garin ke bisa, ki sa Tudun Gawo.

Gawo kin san shi, sarkin itatuwan gona. Shi ne ya saɓa wa kowa: da damina in duk itace ya yi ganye, shi sai ya kaɗe nasa don hatsi ya sami rana, da rani in duniya ta bushe, shi sai ya yi kore ya ba da inuwa. Ƙayarsa fara ce, ƴaƴansa jajaye a murɗe, dabbobi na rububinsu. Gonar da ke da gawo ba ta roƙon taki. Ki zana shi dogo mai faɗin kai, yadda ƴan wasu ƙasashe za su san ba daga banza kika fito ba.

Ba sai kin sake wahalar da babanki da tambaya ba, aiki ya yi masa yawa. Goggo kuwa kin san garin babu rezo, waya ba ta kamawa. Abin da na faɗa miki ya isa.

Tanimu.


Birnin Meksiko, 16 ga Maris

Kaka,

Barka da shan ruwa. Azumi a nan da sauƙi, sai dai ni kaɗai nake buɗa baki a ɗakinmu.

Ga shi na gama, duba hoton da ke biye. A kan takardar ɓawon itace na yi shi, irin tasu ta dā. Tudun na zana kamar kifaffiyar ƙwarya, yadda suke yi. Gawon yana bisa, saiwoyinsa a fili da jan launi, don su ba sa ɓoye saiwa. Sawun ƙafar da ka gani ya sauko daga tudun, mu ne: kai zuwa Dakoro, Baba zuwa Maradi, ni zuwa nan. A ƙasa na rubuta sunan da boko.

Malama Marselina ta daɗe tana kallo. Ta ce nan ma akwai gari mai alamar tudu da itace mai irin waɗannan ƴaƴan, ta ce ashe mu dangi ne. Ban taɓa jin daɗin cewa ga inda na fito ba kamar ranar. Na gode, angona. A wannan karon na yafe maka sadaki.

Haula.


Dakoro, 8 ga Afrilu

Haula!

Albishirinki. Matar Salihu ta sauka, namiji, uwa da ɗa lafiya. Na ga ɗan jikana da idona, Alhamdu lillahi! Suna ranar Asabar. An sayi rago daga masu kiwon Ɗan Gulbi, wuyansa kamar turmi. Yaya Hafiza ta iso jiya, ta kama girki ta kori kowa daga madafa.

Zanenki kuwa, ban san bakin da zan yaba shi ba. Na kai wa Sa'adu mai foto ya fitar da shi babba, ya sa masa gilashi. Zan kafa shi a zaure ranar suna, daidai inda mai shigowa zai fara kai ido. Ɗan jika a ɗaki, aikin jika a bango. Wa ya kai ni?

Tanimu.


Dakoro, 13 ga Afrilu

Haula,

Sallama. An yi suna, yaro ya ci Sharfaddeen. Kowa lafiya.

Zanen nan ki ɓoye shi. Kada ki bari a rataya shi, kada ki sake nuna wa kowa. Na sauke nawa.

Tanimu.


Birnin Meksiko, 2 ga Mayu

Kaka,

Ina gaisuwa. Allah ya raya Sharfaddeen. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, don na rubuta na sake rubutawa, na kira, ba ka ɗauka ba. Salihu ya ce kana ci kana sha, majalisa ce kawai ka daina fita. Da na matsa masa ya ce in tambaye ka. Gidanmu kowa sai ya ce in tambaye ka.

Na ga hotunan suna. Na ga bangon zaure, da ƙusa ita kaɗai.

Ba sai ka faɗa ba, na gane. Ko dai malamai sun ce zane bai dace da zauren Musulmi ba, ko kuma an yi dariya, an ce jikar Tanimu ta ƙetare teku don ta koyi abin da ƴan aji ɗaya ke yi da alli. Na fi zaton na biyun. Ƴar wane likita ce, ɗan wane yana aikin ruwa, ni kuwa ina ƙirga ganye a takardun matattun wata ƙasa. Wannan kunyar tare da ita na hau jirgi. Kai kaɗai ne ka taɓa tambayata abin da nake yi kana son jin amsa, shi ya sa na saki jiki.

Na gaya wa Malama Marselina wataƙila in janye nawa. Ta tambayi dalili, na ce mutanen gida ba su so ba. Ka yafe mini da na ba ka kunya a gaban baƙinka, a ranar da ka fi kowa murna.

Haula.


Dakoro, 18 ga Mayu

Zuwa ga Haula.

Sallama. Jikina lafiya. Yau ba zan kira ki amarya ba, ban cancanta ba.

Takardarki ta hana ni sakat. Babu malamin da ya ce uffan, liman ma ya sa tabarau ya yaba. Babu wanda ya yi wa aikinki dariya. Ni aka yi wa, kuma ni na saya.

Garinmu ba Tudun Gawo ba ne. Daga Sabon Maci har Ajekoriya, in kika ce Rijiyar Abarci sai an yi tunani, in kika ce Tudun Anza ko makaho zai nuna miki hanya. Anza ƙaramin itace ne, bai fi tsayin mutum ba. Ƙwayarsa ɗaci gare ta kamar maɗaci, ba a cin ta sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa, kuma ba a neman ta sai rumbu ya ƙare. Abincin yunwa ce. Tun da na zo Dakoro ina saurayi ake ce mini ɗan maciya anza. Na yi kasuwanci, na gina gida, na je Makka, na koyi boko, sunan yana bina. Da kika ce za a rataya mu a gaban ƴan ƙasashen duniya, sai na ji ba zan iya aika ki da shi ba. Gawo ɗaya ne tak a garin, a bayan rijiya, shi ma rabinsa ya bushe.

Na ɗauka ƙaryar tana cikin baƙaƙe, tsakanina da ke, su kuwa baƙaƙe ba kowa ke buɗe su ba. Ke da kanki kin gaya mini wannan rubutu ne da ido kawai ake karanta shi. Murna ta mantar da ni, na ɗauke shi da hannuna na kafa a zaure.

Bayan an raɗa suna ana rabon goro, na tsaya ina bayani: ga tudu, ga saiwa, ga sawu. Sai Jibril ya miƙe da sandarsa ya matso.

Ya ce, “Malam mai bik, wane gari ne wanga?”

Na ce, “Asalinmu ne.”

Ya ce, “A'aha! Yaushe anza ta yi wanga tsawo har ta fidda ƙaya? Ko takin Meksiko kuka zuba mata?”

Wani ya karanta abin da ke ƙasa da ƙarfi. Jibril ya tafa hannu ya ce, “To madalla. Maciya anza sun koma maciya gawo. Sai dai gawo abincin awaki ne, Tanimu, wanga ci gaba ne ko ci baya?”

Zaure ya ɗauka. Wasan taubasai ne, da shi kaɗai ne da na rama. Amma daidai lokacin Yaya Hafiza ta fito da ƙwaryar fura za ta miƙa wa baƙi. Ta tsaya gaban zanen. Dariya ta mutu da kanta.

Ta ce, “Tanimu, mi ne wanga?”

Haula, ga inda alƙalamina ke nauyi. Na ce, “Yarinya ce, Yaya, ba ta san garin ba.”

Ta dube ni. Ta ce, “Ba ta sani ba, ko ba a gaya mata ba?”

Ta sa yatsa bisa gilashin ta bi sawun nan har ƙasa, ta ce, “Duk fita suke.” Ta aje ƙwaryar, ta shiga ta ɗaure ƙunshinta. Ba ta jira naman suna ba. Babanki ya bi ta har tasha yana roƙo, ta ce masa shi ba ruwansa.

Ga abin da ba ki sani ba. Shekarar babbar yunwa, babanki bai daɗe da yaye ba, kakarki tana kwance ba lafiya, mu maza mun yi kudu neman hatsi. Yaya Hafiza ce ta riƙe gidan. Ita ke tsinko anza, ta daka, ta ja ruwa a rijiyar nan mai zurfi ta wanke, ta sake wankewa, ta tauna ta ba babanki a baki. Da na dawo, gidaje da yawa babu yaran da na bari. Namu yana tsaye riƙe da zaninta. Ita ba ta taɓa jin kunyar sunan ba. Ni na ji, na goge garinta daga bango a gaban mutane, na kuma ɗora miki.

Na aika mata da goro da turmin atamfa, sun dawo yadda suka tafi. Ta haura tamanin, Haula. Ina tsoron a aiko mini da labari kafin ta sake kiran sunana.

Kada ki janye don an ƙi aikinki. Aikinki gaskiya ya faɗa, abin da aka ba shi ne ƙarya.

Tanimu.


Birnin Meksiko, 21 ga Mayu

Kaka,

Ina lafiya. Na karanta, na yi kuka, na yi fushi, na kuma yi dariyar maganar Jibril, Allah ya yafe mini.

Gawon na yafe. “Yarinya ce” ita ta tsaya mini a wuya, kuma za ta daɗe kafin ta wuce. Wata guda ina jin kunyar kaina a banza.

Na gaya wa Malama Marselina gaskiya duka. Ta ce akwai sauran lokaci in sake. Amma ban taɓa ganin anza da idona ba. Na ga hotonta a littattafan masana tsiro, ba ita nake so ba. Ta tudunmu nake so, kuma ba zan sa mata launi ba sai Goggo ta ce in sa. In ba ta yarda ba, wurina a bangon zai zauna babu komai.

Goro da atamfa ba su da ƙafa, Kaka. Kai ke da ita, ko da guda ce mai lafiya.

Haula.


Tudun Anza, 3 ga Yuni

Zuwa ga Haula.

Sallama da gaisuwa daga inda kika gani a sama. Ina lafiya, sai bayana da ke ciwo, za ki ji dalili. Goggo lafiyarta lau, ta fi ni ƙarfi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba a yi shuka ba tukuna.

Na biyo motar ƴan kasuwa, na ƙarasa bisa amalanke. Na same ta tana ba awaki dusa. Na yi sallama, ta amsa, ta kawo ruwa a moɗa ta durƙusa kamar yadda ake yi wa wanda ba a sani ba.

Ta ce, “Sannu da hanya. Baƙo daga ina?”

Na ce, “Yaya, ni ne.”

Ta ce, “Ko daga Tudun Gawo? Muna jin labarin garin, an ce manyan mutane ne.”

Ta sa aka share mini ɗakin baƙi na bakin ƙofa, inda fatake ke kwana. Abinci yana zuwa a kan kari, magana babu. In tana son in ji abu sai ta gaya wa akuya. “Ke Jaa, ci a hankali, wani ya ƙoshi har ya manta turken da aka ɗaure shi.” Ni ina zaune ina ji, maƙwabta suna ji.

Da na ga zama ba zai yi ba, wata safiya na ga ta fito da kwando, sai na bi ta. Ba ta ce zo ba, ba ta ce koma ba. Tudun yana nan yadda na bar shi, komai ya ƙone fari fat, anza ce kaɗai kore. Ashe har yanzu duk shekara tana jiƙa anza tukunya guda, ko rumbu cike yake. Da muka dawo ta nuna wa akuya tulu ta ce, “Ruwan tukunya yana son sauyi, ga shi babu namiji a gidan.” Na ɗauki tulun.

Haula, Alhaji Tanimu da gemunsa, a layin mata a bakin rijiyar ubansa. Wata ta ce, “Baba, kawo in ja maka.” Wata ta ce, “Bar shi, gawonsa zai ba ruwa.” Ashe labari ya riga ni zuwa. Na ja da kaina, safe da yamma, har tukunya ta yi. Ranar farko Yaya ta ɗebo ƙwaya ɗaya daga ruwan ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Na tauna. Hawaye ya zubo, na haɗiye. Ta ce wa akuya, “Ashe bakin bai mutu ba.”

Jiya ta dafa, da ɗan mai da gishiri da albasa. Bayan mun ci, ita can ni nan, na ce mata ke kin ce ba za ki zana ba sai da izininta. Can ta ce, da ni take ba da akuya ba, “Ɗauko abin rubutun naka. Abin da na faɗa shi za ka sa, kada ka yi masa kwalliya.” Ga shi, bakinta ne, hannuna ne kawai:

“Haula, ina gaishe ki. Kakanki maƙaryaci ne, amma ƙanena ne, ba ni da wani. Ke ba ki yi laifi ba, hannunki yana da kyau, gawon ma ya yi kama. Ki zana anza. Ki yi ta gajera, kada ki ƙara mata tsawo don jin nauyin mutane. Ganyen mai kauri ne, ba ya sheƙi. Ƴaƴan ki yi su kore, don ba mu taɓa samun sukunin jira su nuna ba. In an tambaye ki ki ce ɗaci gare ta, kada ki ce daɗi. In kin gama a kafa shi a zauren Dakoro ranar kasuwa, a kira Jibril, ina da magana da shi.”

Ta ce in karanta mata. Na karanta. Da na zo wurin maƙaryaci na ɗan sassauta murya, ta ce in ɗaga, na bayan danga ba su ji ba. Na ɗaga.

Sannan ta ce ita ba ta yarda da baƙaƙena ba, za ta sa nata. Ta aika gidan liman aka kawo tawadar allo, ta tsinko ganye ɗaya daga reshen anza da muka zo da shi daga tudu, ta shafa masa, ta danna a ƙasan takardar nan da tafin hannunta. Shi ne baƙin da kike gani, har jijiyoyinsa sun fito. Hotunan itacen da ƴaƴansa suna biye. Gobe zan shiga Sabon Maci in sami rezo in tura miki.

Maganar da ta tsaya miki a wuya, ba na ce ki haɗiye ta yau ba. Na faɗa a gaban liman da mutanen garin nan cewa ni na gaya miki gawo, zan kuma faɗa a Dakoro.

Zan dakata nan, don ta leƙo tana faɗa. Ta ce in naɗe tabarmata in shigo cikin gida, ɗakin baƙi na baƙi ne.

Kakanki, Tanimu Abarci.